Baduku, Yaronsa, da Askar da Ya Ajiye

Wasiƙar wannan mako daga nan cikin garin Maradi ta fito. Na taƙaita ta, na kuma cire abin da zai sa a gane mai ita.

"Malam, barka da aiki. Ni baduku ne, gado na yi, shekaruna 43. Sa'ad da mahaifina ya rasu mu uku ne a rumfa: ni, da baffana ƙanin mahaifina, da yaro ɗaya. Yau mu 12 ne, muna yin takalma da jakunkunan mata da alabe, ana aiko mana aiki daga Yamai da Damagaram. Mutane na cewa Allah ya buɗa mini, kuma ban musa ba. Amma rabona da in zauna in yanka fata in ɗinke abu daga farko har ƙarshe ya fi shekara 2. Wuni nake kan waya, ko bin bashi, ko raba faɗan yara, ko neman gam da zare. In na farka da asuba ba na marmarin zuwa rumfa. Abin da ya fi damuna, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba: akwai yaron da na koya wa aiki tun yana ɗan shekara 14, bara ya fito da wani salon jaka, yanzu ita ake rububi. In masu saye suka yaba sai in yi shiru, su ɗauka tawa ce. Ina jin haushinsa alhali bai yi mini komai ba, har na fara neman laifinsa. Baffana kuma kullum cewa yake mun lalata sana'ar gidanmu, ba na iya ce masa uffan gaban yara. Wani abokina ya ce in bar wa baffa rumfar in shiga fataucin shinkafa da shi. Idona ne ya mutu, ko ƙyuya ce ta kama ni? In sallami yaron, ko ni in tafi?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya ƙara albarka a abin da ya bari.

Kada ka sallami yaron, kai ma kada ka tafi. Kuma ba ƙyuya ba ce. Malalaci ba ya ciyar da mutum 12, ba ya kuma rubuto wasiƙa yana kukan an raba shi da aska. Abin da ya same ka ya samu magina da maƙera da teloli da yawa a garin nan: gwanintarka ta jawo aiki, aikin ya jawo mutane, mutanen suka tashe ka daga kan buzunka. Yanzu sana'a biyu ke hannunka. Dukanci ka koye shi shekara da shekaru gaban mahaifinka, da rankwashi da komai. Riƙon mutane da kuɗi da alkawari kuwa ba wanda ya zaunar da kai ya koya maka, faɗo maka ya yi. Shi kake yi daga safe har dare, ba ka ƙware da shi ba, ba ka sonsa, wanda kake so kuma ga wani yana yinsa a gabanka yana shan yabo. Da ba ka ji ciwo ba, da na yi mamaki.

Mu fara da yaron, don nan ne wutar take ci. Ka yi jarumta da ka faɗi abin da ke ranka ba kwana-kwana. Da wani ne sai ya ce yaron ne ya fara girman kai. Abin da ya ɗarsu a zuciya ba kai ka kira shi ba, kuma ba a kama mutum da shi muddin bai bi shi ba. Amma ka fara binsa, ƙanena. Shirun da kake yi in an yabi jakar, karɓar abin da ba naka ba ne. Kada kuma ka zaci bai lura ba. Yana can gefe, kai a sunkuye, yana jan zare, amma kunnensa na wajen hajiyar da ke jujjuya jakar tana cewa "kai, maigida, hannunka da albarka", yana jiran ya ji ko za ka ce "ai ga mai ita can". Ba ka ce ba. Ranar farko ya yi maka uzurin mantuwa. Yanzu ya daina.

Neman laifinsa ya ma fi wannan ɓarna, don ba shi kaɗai ke gani ba. Sauran yaran tara suna lura da takunka kullum, kuma abin da suke ɗauka yanzu shi ne: duk wanda ya fito da sabon abu a rumfar nan, fuskar maigida za ta canza masa. To wa zai sake kawo maka? Mai dabara a cikinsu zai haɗiye abinsa, ya adana sai ran da ya buɗe tasa rumfar. In kuwa ka sallami wannan, ba gida zai koma ya kwanta ba. Layi biyu zai tsallaka ya kafa rumfa, matan da ke sayen jakar su nemo lambarsa a WhatsApp cikin mako guda. Ka rasa jakar, ka rasa yaron, ka kuma yi suna a gari na maigidan da ba ya son yaronsa ya ɗaga.

Ba da irin wannan lissafi garin nan ya zama cibiyar kasuwancin Nijar ba. Tambayi dattawan Babbar Kasuwa yadda alhazan farko suka yi arziki. Zamanin gyaɗa, tun kamfanonin Faransawa na saye har aka kafa SONARA, kamfanin sayen gyaɗa na ƙasa, a 1962, ba wanda ya tara tulin buhuna da hannunsa biyu. Yara ne da su a ƙauyuka, kowa da sikelinsa. Da farin 1973 da 1974 ya karya gyaɗa suka juya ga fataucin kaya tsakaninmu da Najeriya, mutanen nan ne dai suka ɗauke su, wasu a Ɗan Isa, wasu a Jibiya, wasu a Katsina da Kano. Ubangida yakan fara ba yaro kaya ya sayar, in ya ga amana ya ƙara, ya yi masa aure, daga baya ya ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa, kuma har ya yi furfura yana zuwa gaisuwa yana cewa "maigidana". Da yawa daga cikin manyan su kansu yaran wani ne, a haka suka taso. Shi ya sa ake cewa wane yana da arzikin mutane, kuma shi ake fara ƙirgawa kafin a ƙirga motoci. A wannan ma'auni na garinmu, yaron da ka ɗauka bai san riƙon basilla ba, yau mata na layi kan aikinsa, shi ne mafi kyawun abin da ya taɓa fita daga hannunka.

Saboda haka da an sake yabon jakar, ka kira shi da sunansa gaban mai yabon, ka ce shi ya fito da ita. Karon farko zai tsaya maka a maƙogwaro, ka daure. Hassada ba ta daɗewa a zuciyar da ke yi wa mutum alheri a fili. Sannan ka yanka masa kaso a kan kowace jaka mai salonsa da ta fita, ban da kuɗin ɗinkinsa, ko da dala 100 ce (sefa 500), ko wa ya ɗinka ta. Ba kyautar da za ka ba shi ran da ka ji daɗi ka hana ran da ka tashi da haushi nake nufi ba. Ƙa'ida ce, a rubuce a kaye, wato littafin rubutu, sauran yara su sani, su kuma san duk wanda ya kawo salon da ya karɓu haka za a yi masa. Hadisin da ke cewa a biya ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, ban ga dalilin da zai sa a taƙaita shi ga gumin hannu ba. Bayan haka ku zauna da mahaifinsa ko wani babba nasa ku sa lokacin yaye, shekara biyu ko uku nan gaba, da abin da za ka ba shi na kayan aiki da jari, da yadda za ku riƙa raba manyan ayyukan Yamai bayan ya tashi. Yaron da ya san ranar da za a sallame shi da albarka, da wuya ya saurari masu zuga shi ya gudu.

Ka tambaya ko idonka ne ya mutu. Ga gwaji. Ran da aka kawo fatu daga majema, ka tura shi ya zaɓa, kai ka tsaya baya kana kallo. Ina kyautata zaton launi zai bi da laushi. Kai kuwa na san abin da hannunka zai yi tun kafin ka yi tunani. Za ka ɗaga fatar saitin hasken ƙofa ka nemi inda wuƙar mahauci ta zarce wajen fiɗa, wurin da ya yi shara-shara, wanda ba a gani sai an ja ɗinki ya ɓarke. Ka shafa ka ji tabon kaska da na ƙaya. Ka naɗe kusurwa ka matsa ka ga ko fuskar za ta tsage. Ka ɗan yanki gefe ka duba ko bagaruwa ta ratsa har tsakiya, ko majemi ya yi gaggawa ya bar farin layi na ɗanye a ciki, irin fatar da ke tashi da wari da zarar damina ta sauka. Ka kai ta hanci. Duk wannan ba ya cin maka minti ɗaya, kuma ba a waya ake koyonsa ba.

Sannan ka ɗauki jakar da ake rububin ka duba maratayinta. Daga ina aka yanko shi? In daga wajen ciki ne, inda fata ke da saki, ƴan watanni zai yi ya miƙe ya sirance. Gadon baya ake bi, bisa tsawon dabbar. Ka jiƙa farin ƙyalle ka goga a jan, ka ga ko karan dafin ya zauna ko zai zuba a mayafin mai ita ranar biki cikin gumin watan Afrilu. Ba don ka kama shi da laifi nake cewa ka duba ba, wannan mun rufe shi. Don ka ga jakar tana da sauran aiki, kuma aikin naka ne. Shi ya san abin da matan yanzu ke so, yana gani a waya, yana jin hirar ƙannensa, ya san girman abin da za a zuba a ciki. Kai ka san abin da fata za ta yarda da shi da wanda ba za ta yarda ba. Ka ce masa, "zo mu sake jakar nan taka mu biyu, mu fitar da wadda ta fi ta." Ku ɓata fata biyu ko uku a kai, kada ka ji ciwonsu. Ina tsammanin a nan za ka fara jin abin da ka ce ya mutu yana motsi.

Kuma abin da ke hannunka ya cancanci wahalar. Fatar jar akuyar Maradi duniya ta san da ita, ga santsin fuska, ga laushi, ga ƙarfi duk da rashin kaurinta. Don a kiyaye irin akuyar aka kafa cibiyar kiwon awaki a garin nan tun 1963, kuma tun kafin nan irin fatar ce ayari ke ƙetare Sahara da ita har ta kai hannun masu yi wa littattafai bango a Turai. Abin takaici, tun da kamfanin jima na SONITAN ya rufe, da yawanta ɗanya take tsallaka iyaka zuwa manyan majemun Kano, wani ya jeme, wani ya ɗinka, wani ya ci ribar. Ga kasuwa kuma. Tun da Naira ta faɗi a 2023, takalman Ƙofar Wambai ta Kano ke shigowa da arahar da ba za ka iya bi ba, ga na roba daga Sin da ke kama da fata har sai an sa su wata biyu. In gasar araha za ka shiga, an kayar da kai tun ba a kaɗa ganga ba. Abin da zai sa mace a Yamai ta aiko da jika 15 (sefa dubu 15) ta jira mako biyu shi ne abin da ba za ta samu a tebur ba. Ke nan sabon salo ba wasan yara ba ne a rumfarka, shi ne tuwon gidan mutum 12.

To yaya za ka koma kan buzu alhali waya na ta kuka? Ka zauna da daddare ka lissafo duk abin da ke cin wuninka, ka tambayi kanka a kan kowanne: wannan in ba ni na yi ba, aikin zai lalace? Za ka tarar kaɗan ne ke buƙatarka: zaɓen fata, fitar da salo da yankan kwalinsa, duban ƙarshe kafin kaya su bar rumfa, sai ƙila ciniki da manyan masu ba da aiki. Sayen gam da zare, kai saƙo tasha, amsa "an gama?", bin wanda ya ce sai ƙarshen wata, duk wani zai iya.

Amma a nan akwai rami, kuma da yawa ke faɗawa. Kada ka ɗora wannan kan yaron mai jakar don kana ganin shi ne gwani, girma ne ka ba shi. In ka yi haka ka yi masa abin da aka yi maka, nan da shekara biyu shi ma ya daina taɓa fata, rumfa ta rasa gwanaye biyu maimakon ɗaya. Nemi wanda ɗinkinsa tsaka-tsaki ne amma yana da gaskiya, ya ɗan yi lakwal yana iya rubutu da lissafi, ba ya gajiya da magana, ba ya saurin fushi. Kowace rumfa na da irinsa, ba a dai ganin darajarsa don da basilla ake auna shi. Ka saya wa rumfa layin waya nata daban ka damƙa masa, da kaye, ka ƙara masa kuɗi don aikin ya fi ɗinki cin rai, kai shaida ne.

In ka ba shi kuma, ka ba shi da gaske. Ka ce duk abin da bai wuce jika 10 ba ya yanke da kansa, ku yi lissafi da yamma. Wanda aka ce an ba aiki amma sai ya zo ya tambaya kafin ya sayi gam na dala 50, ba a ba shi komai ba, ɗan aike aka ƙara. Zai yi kuskure. Zai sayo zaren da ba shi ba, zai yi wa wata alkawarin Laraba alhali sai Asabar. Ka gyara masa ku biyu bayan an tashi, kada ka fizge wayar ka ce "kawo, dama na sani". Ran da ka fizge ka koma gidan jiya, kuma ba wanda zai sake yarda ya karɓa. Masu saye za su yi ta cewa sai maigida; za su saba, in dai suna samun amsa kuma kayansu na fita kan lokaci.

Safiya taka ce. Daga buɗe rumfa zuwa ƙarfe 11 kana kan buzu da aska, wayarka na hannun wani. Lokacin ne ido ke da kaifi, tafi bai yi gumi ba, balle daga Maris zuwa Mayu da zafin garin nan ke haura digiri 40. Yanzu waɗannan sa'o'i masu tsada kake ba mai bashi, kana yi wa sana'arka alkawarin la'asar da ba ta zuwa. Kada kuma ka jira sai marmari ya dawo kafin ka zauna, ba haka yake zuwa ba. Ba na jin mahaifinka ya taɓa tambayarka ko kana jin yin aiki yau. Zaunar da kai yake, sai ka yi nisa da yanka sannan daɗin ke zuwa. Kwanakin farko hannunka zai yi nauyi, ɗinkinka ba zai kai na yaranka kyau ba, za ka ji kunya. Shekara biyu ba wasa ba ce. Ka fara da abin da ba wanda ya sa ka, ba wanda ke jira, ka yi shi a tsanake.

Sauran yaran fa, in biyan ɗai-ɗai kake yi, kowane takalmi kaza, ka sani tsarin yana kawo sauri amma yana hana gwaji, don duk sa'ar da yaro ya ɓata yana jarraba sabon abu daga aljihunsa ta fita. Ban ce ka sauya shi ba. Ka dai ware yammacin Alhamis, ka zube musu guntattakin fatar da ake sharewa, ka biya su kuɗin rabin wunin, kowa ya yi abin da ya ga dama. Yawanci shirme za su yi, bar su. Ina ma zargin jakar nan daga tarkacen da ka zubar aka fara ta, tambaye shi ka ji.

Baffa kuma ba yaronka ba ne, ba zai taɓa zama ba, ko da kai ke biyan haya da haraji. Ka daina jiran ranar da za ka iya ba shi umarni. In ka saurari maganarsa da kyau, "kun lalata sana'ar gidanmu" ba jakar mata yake zagi ba. Cewa yake ba a tambayarsa komai yanzu, a rumfar da ya riga ka shiga. Ciwonku ɗaya da shi in ka lura, shi ma yaron da ya girma a gabansa ne ya sha gabansa. Je ka same shi a gida bayan Magariba, da goronka, ka ce kana so ya riƙe ɓangaren aikin gado gaba ɗaya: gafaka, kube, zabira, layu, kayan doki. Wannan aiki bai mutu ba. Duk Salla ana hawa a fadar Sarkin Katsinan Maradi, ga sarakunan Gobir a Tsibiri da nasu dawakin, kuma ba tsirara suke fita ba. Ƴan kokowar da ke shiga filin Kantu da guraye da layu suke shiga. Mai saukar karatu yana son gafaka. Ka ba shi yara biyu su zauna ƙarƙashinsa, ya san shigar kuɗin ɓangaren da fitarsu, kuma duk sabon yaro ya fara wata shida a gabansa kafin ya taɓa jakar zamani. Abin da ke kansa na haɗa kuloko da rini da adon hannu, in ya tafi da shi ba inda za ka sayo shi. Sai ka roƙe shi abu ɗaya: in yana da gyara a kanka, ya kira ka gefe. Ina jin zai yarda, tunda an ba shi girmansa a fili.

Kuɗi, a gurguje: aljihun rumfa daban, na gida daban. Ka yanka wa kanka albashi kamar kowa, biki da suna da zumunci su fito daga nan. Bin bashin da ke cin ranka kuma zai ragu sosai in ka kafa ƙa'idar ba a yanka fata sai an ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, ko ɗan'uwa ne.

Batun shinkafa. Abokinka da alheri yake nufinka, amma ka tambaye shi yadda ya kwana daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 da aka sake rufewa, hanyar Kwatano ta toshe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. A Oktoban 2024 kuma gwamnatin Nijar ta hana fitar da shinkafa da hatsi waje in ban da Mali da Burkina. Sana'a ce da sa hannun mutum ɗaya a Yamai ko Abuja ke iya tsayar da ita cikin dare, masu ita sun san ramukanta, kai kuwa baƙo za ka shiga da kuɗin da fata ta tara maka. Wannan ma ba shi ne babban dalilina ba. Mene ne fataucin shinkafa in ba waya da bin bashi da jiran mota da rigimar ƴan dako ba? Abin da ka rubuto kana kuka da shi, shi ne sana'ar gaba ɗayanta, ba ko ƙyallen fata a ciki da za ka shafa ka ji sanyi.

Akwai dai hanyar da ba ka ambata ba, kuma ba abin kunya ba ce. In ka gwada duk wannan wata shida ka ga har yanzu riƙon mutum 12 ba ya shiga jininka, kana iya rage rumfar da gangan: ka yaye waɗanda suka isa, ka riƙa tura musu aikin yawa, kai ka tsaya da mutum uku ko huɗu kuna yin kaɗan mai tsada. Mutane za su ce wane ya ja baya. Su faɗa. Ba inda aka rubuta cewa dole rumfa ta yi ta girma har abada.

Duk maganar nan na yi ta ne bisa cewa rumfa kaɗai ce ba ka marmari. In kuwa abin ya bi ka har gida, barci ya ƙaurace, abinci ba daɗi, hirar iyali da ta majalisa duk sun fita ranka, makonni ana haka, to ka je likita a auna jininka da suga, ka kuma gaya masa halin da zuciyarka ke ciki ba kunya. Ciwon damuwa cuta ce da ake magani, ba raunin imani ba ne, kuma sauya tsarin rumfa ba ya warkar da shi.

Cikin duk waɗannan, na yaron ne ba ya jira. Na waya da na baffa za su iya kai wata mai zuwa. Amma jakar nan tana yawo a kafaɗun mata a bukukuwan Maradi da Yamai, kuma masu kuɗin garin nan ba makafi ba ne. Ba mamaki wani ya riga ya tambayi wanda ya yi ta, ya aika masa cewa akwai shago da jari in yana so. Ka kira shi cikin makon nan, ku biyu, kafin ka je wurin mahaifinsa. Ka fara da gaya masa ka san jakar tasa ce kuma ba ka kyauta ba da ka yi shiru, maganar kaso da yaye ta biyo baya a zama ɗaya.